Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko (1865-1944) da Shigar Malamin Addini Makarantar Gwamnati

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kaura da sassafe a ranar karatu zai ga yara cikin kayan makaranta iri-iri suna ƙetare titi, waɗansu daga cikin birni, waɗansu kuma daga sababbin unguwannin bayan ganuwa. A cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista, da yawansu ma aji ɗaya suke zama har sai lokacin darasin addini ya yi, sa'an nan a rabu. Mun saba da wannan tsari har ba mu cika tambayar inda ya samo asali ba. Amma a waɗansu ƙasashe gardama ce babba. A jihar Teksas ta Amurka an yi doka a 2023 wadda ta yarda makarantun gwamnati su ɗauki limami ko fasto don yi wa ɗalibai nasiha, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta. A Ostareliya kuwa sau biyu, a 2012 da 2014, batun kuɗin da gwamnati ke biyan irin waɗannan malamai yana kaiwa babbar kotun ƙasar. Tambayoyin dai uku ne a ko'ina: ko ya dace malamin addini ya shiga makarantar gwamnati, wa zai biya shi, ina kuma makomar yaron da addininsa ba na masu rinjaye ba ne?

Mu a nan Katsina an fuskanci waɗannan tambayoyi fiye da shekara ɗari da suka wuce, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Tarihinsa ne za mu ɗan gutsura wa mai karatu.

Asalinsa da Hawansa Sarauta

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina Gidado, daga Fulani Sulluɓawa. Ke nan shi ba ɗan gidan sarautar Katsina na wancan zamani ba ne, domin tun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sarauta tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje. Ya tashi a lokacin da ba a rabuwa da hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi, inda tsofaffin sarakunan Haɓe suka kafa gari bayan an kore su. Saboda haka ya san doki da yaƙi tun yana saurayi, daga baya kuma ya hau sarautar gidansu ta Durɓi.

A 1903 Gwamna Lugga ya iso Katsina bayan cin Kano da Sakkwato. Ba a yi yaƙi ba, Sarki Abubakar ya karɓe shi. Amma zaman bai yi daɗi ba. Turawa suka tuɓe Abubakar a 1904 suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, lokacin da Turawa ke zargin kowane sarki da ya yi musu sanyin jiki. Baturen da ke kula da Katsina a lokacin, Mista Palmer, ya riga ya lura da Durɓi Dikko a matsayin mutum mai zafin nama wanda in ya ɗauki aiki sai ya ga bayansa. Shi ya tsaya har aka ba Dikko sarauta a ƙarshen 1906.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan: naɗin bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Dallazawa suna ganin an ƙwace musu gado, waɗansu malamai kuma suna kallon sabon Sarki a matsayin yaron Nasara. Wannan tabo yana da muhimmanci ga labarinmu, domin Sarkin da ake yi wa irin wannan kallo ya fi kowa bukatar ya nuna wa jama'a cewa bai sayar da addininsu ba.

Cikin ayyukansa na farko akwai kafa Baitulmali tare da Palmer. A Katsina aka fara gwada wannan tsari na tara haraji wuri ɗaya, a rubuta, a yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, kafin ya bazu sauran ƙasashen Arewa. Mai karatu ya riƙe wannan, don daga wannan asusu ne daga baya albashin malaman makarantun En'e ya riƙa fitowa, har da masu koyar da addini.

Rigimar Makarantar Boko

Katsina ba baƙuwar ilmi ba ce. Shehu Magili ya ratso ta a ƙarshen ƙarni na 15. Waliyyai Ɗan Masani da Ɗan Marina sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, Malam Muhammadu al-Katsinawi kuma, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741 bayan ya yi suna a can. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana ba da shaida. Mutanen da ke da irin wannan gado ba su ga abin da Bature zai koya wa 'ya'yansu ba, sai dai abin da zai raba su da shi.

Tsoron nasu kuwa yana da dalili. A Kudancin Nijeriya kusan duk makarantun boko na mishan ne, karatu da wa'azi tafe suke tare. A Arewa ma da haka aka so farawa. Likita Mila na mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya kawo shawarar buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna, Lugga kuma ya nuna goyon baya. Shi Likita Mila mutum ne mai gaskiya a kan abin da ya kawo shi, bai taɓa ɓoye cewa bishara ce gabansa ba. Sarakuna suka ƙi sakin 'ya'yansu, shirin ya watse. Ga shi kuma Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulmi ba, alkawarin da Razdan-Razdan suka fassara da cewa ba a barin mishan ya kafa tasha a ƙasar sarkin Musulmi sai da yardarsa.

Da wannan hanya ta toshe sai gwamnati ta buɗe makarantarta da kanta a Nassarawa ta Kano a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Abin mamaki, shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Ya san sarai inda gizo ke saƙa. Saboda haka ya tsara makarantar da ba a wa'azin Kirista a cikinta, ana karatu da Hausa, yara suna sa tufafinsu na gida, an kuma kawo malamai suna koyar da Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu a cikin jadawalin makaranta. Wannan shi ne mafarin shigar malamin addini makarantar gwamnati a Arewa.

To, tsara abu daban, karɓarsa daban. Sarakuna da hakimai da yawa in aka ce su kawo 'ya'yansu sai su tura 'ya'yan barori ko na bayi, su ɓoye nasu. A nan ne Dikko ya bambanta. Ya karɓi makarantar da hannu biyu, ya sa 'ya'yan cikinsa, cikinsu har da Usman Nagogo wanda ya gaje shi, ya kuma matsa wa hakimansa su yi haka. Hujjar da ke hannunsa a gaban malaman gari ita ce wancan malamin da ke cikin makaranta. In uba ya ce yana tsoron ɗansa ya bar salla, ga malami nan da gari ya sani, yana zaune da yaran, yana jan su salla, Baitulmalin Sarki ke biyansa. A ganina, ba don wannan malami ba da makarantar boko ta daɗe tana zaman kango a Katsina, kome ƙarfin dogaran Sarki.

A nan yana da kyau mu leƙa ƙetaren iyaka. 'Yan'uwan Katsinawa na Maraɗi sun faɗa hannun Faransa, wadda ta raba addini da gwamnati tun dokar 1905. Makarantar gwamnatin Faransa ba ta da darasin addini ko kaɗan, yaro ya yi karatun allonsa a gida in ya ga dama. Sai a 1957 aka buɗe makarantar gwamnati ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci a garin Sayi. Jama'a ɗaya, harshe ɗaya, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba tsakanin garuruwan biyu, amma amsa biyu mabambanta ga tambaya ɗaya.

Kwalejin Katsina da Malam Bello Kagara

Bayan Yaƙin Duniya na Farko gwamnati ta ga ba ta da malaman boko 'yan ƙasa da za su riƙe makarantun larduna. Aka yanke shawarar kafa kwalejin horon malamai guda ɗaya don dukan ƙasashen sarakunan Arewa, aka kuma zaɓi Katsina. Ɗalibai sun fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Dalilai biyu ya bayar na zaɓen garin: sunan da Katsina ta yi a wajen ilmi da riƙon addini, da kuma nisanta da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar kasuwanci irin ta Kano. Akwai dalili na uku da kowa ya sani ko ba a faɗa ba, wato Sarkin garin yana so.

Jirgin ƙasa bai shigo birnin Katsina ba. Yaran da suka taso daga Bida ko Ilori ko Borno sai su biyo ta Kano, hanyar Kano kuwa ta Ƙofar Kaura take shiga gari. Na Sakkwato kuma su sha tafiyar kusan mako guda a ƙasa. Ta haka Kashim Ibrahim ya zo a 1925, Ahmadu Bello a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. A Kwalejin an ba Turanci ƙarfi ƙwarai, ana lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ana wasan kurket da na fayis, amma ɗakunan na ƙasa ne irin na gari, ɗalibai suna cikin riga da hula, salla biyar kuma ba ta wuce su.

Wanda ya fi kowa shahara cikin masu riƙe da ɓangaren addini da Larabci shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, wan Abubakar Imam. An haife shi a 1890, ɗan alƙali ne, ya yi karatun zaure mai zurfi a gaban mahaifinsa, sa'an nan ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa. Ya koyar a Zariya kafin a kawo shi Katsina. Ke nan mutum ne mai ƙafa biyu, ɗaya a zaure ɗaya a aji, irin wanda tsarin ke bukata amma yake da wuyar samu. Yawancinmu mun san shi ne ta littafinsa Ganɗoki, wanda ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933. Duk wanda ya karanta littafin zai lura cewa jaruminsa da yaƙar Turawa ya fara. Malamin da gwamnatin Turawa ke biya albashi ne ya rubuta haka, abin da ke nuna cewa karɓar albashi bai mai da irin waɗannan malamai 'yan amshin shata ba.

Aikin irin wannan malami ya wuce tsayuwa gaban allo na minti arba'in. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya baro iyayensa a Yola ko Argungu, yana kwana yana tashi cikin harshen Bature da tunanin Bature, yana bukatar babba na gida da zai tambaya abin da ba zai iya tambayar Bature ba. Abin da Turawa ke nufi ke nan da limamin makaranta ko faston makaranta a ƙasashensu, ko da yake a nan ba a kira shi da wannan suna ba. Sakamakon ya bayyana daga baya. Mutanen da suka fito daga wannan Kwaleji su suka riƙe gwamnatin Jihar Arewa da ta tarayya a 1960, babu kuma wanda ya iya cewa boko ya raba su da addininsu.

Shi ma Sarki bai bar wa masu zargi ƙofa ba. A 1921, shekarar da Kwaleji ta fara aiki, ya tafi aikin Hajji, ya zama Sarki na farko a Arewa da ya yi haka yana kan gado. Ta Ingila ya bi, ya gana da Sarki Joji na Biyar a Landan, sa'an nan ya wuce Makka. Tafiya ɗaya ta haɗa masa fadar Bature da Ɗakin Allah, kusan yadda ya so makarantarsa ta kasance. Ya sake zuwa Ingila da Makka daga baya. Shi ne kuma ya dasa wasan folo a Katsina, wanda Nagogo ya yi fice a kansa, amma wannan wani labari ne daban.

A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, da malamai mata Turawa. Wannan ya fi na maza wuya nesa ba kusa ba. Dikko ya bi hanyar da ya saba, ya fara da 'yan matan gidansa da na fadawansa, a inda idonsa ke kai.

Waɗanda Tsarin Bai Rufe Ba

Mai karatu zai ga cewa cikin tambayoyi ukun da muka fara da su, zamanin Dikko ya amsa biyu: malamin addini ya shiga makaranta, hukuma kuma ta biya shi daga harajin jama'a. Ta ukun ce aka bari a buɗe.

An kafa Kwalejin Katsina ne don Musulmi, Gwamna Clifford ma bai ɓoye haka ba a ranar buɗe ta. Waɗanda ba Musulmi ba sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe musu wurin horon malamai a Toro ta ƙasar Bauchi, wanda bai kai Katsina zurfin karatu ba. Kiristocin Hausa da Fulani na Zariya, waɗanda suka koma Wusasa tare da mishan a 1929, sai dai su nufi Kudu neman ilmi mai zurfi. Misali shi ne Barau Dikko, wanda sunan kawai ya haɗa shi da Sarki. Sai da ya tafi King's College ta Ikko, daga nan Jami'ar Bamingam a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewa. A cikin ƙasar Katsina kanta akwai Maguzawa masu yawa, musamman a kudanci wajen Malumfashi da Kafur. Suna biyan haraji kamar kowa, daga harajin ake biyan malamin addini, amma in ɗansu ya shiga makarantar En'e darasin addini ɗaya ne a jadawali.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Dikko wannan shi kaɗai, domin manufar gwamnatin Turawa ce a dukan Arewa, shi kuma Sarkin Musulmi ne a garin Musulmi, abin da jama'arsa ke tsoro shi ya tsaya ya magance. Amma ba daidai ba ne kuma a yi shiru a kai, kamar yadda masu yabonsa sukan yi.

Shi da mishan ma ba gaba suka yi ba har ƙarshe. A shekarun 1930 gwamnati da En'e-En'e suka rasa ma'aikatan da za su kula da kutare, sai aka miƙa wa mishan ɗin S.I.M. asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a nan Katsina. Da yardar sarakuna aka yi, bisa sharuɗɗa, cikinsu har da hana koya wa yaran Musulmi da ba su kai shekara 18 ba addinin Kirista. A nan al'amarin ya juya: wurin na hukuma ne, masu aikin na wani addini ne, iyaye Musulmi ne ke neman kariya ga 'ya'yansu. Kariyar da aka ba su a Babbar Ruga ita ce wadda ɗan Bamaguje bai samu ba a makarantar En'e.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

A 1938 aka ɗauke Kwaleji daga Katsina zuwa Kaduna. Sarki ya riga ya tsufa a lokacin. Allah ya yi masa rasuwa a 1944, bayan shekara 37 a kan gado. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har zuwa 1981, sai jikansa Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Malam Bello Kagara, wanda ya zama Alƙalin Katsina daga baya kuma Wali, shi ya rubuta tarihin Sarkin, aka buga a Zariya a 1951. Ginin Kwalejin kuwa an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Kwalejin ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa. A can ƙofa ta buɗe, har Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga Wusasa, ya yi karatu a cikinta a farkon shekarun 1950. Bayan rahoton Hukumar Willink ta 1958 a kan koke-koken ƙananan ƙabilu, tsarin mulkin 1960 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Wannan doka tana cikin tsarin mulkin 1999, sashe na 38. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan na tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda Katsina ke cikinta, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena. Daga nan yaran addinan biyu suka cika makarantun gwamnati tare, malamin addinin Musulunci da na Kirista suka zama ma'aikatan ma'aikatar ilmi ɗaya.

Gardamar ba ta mutu ba. Da aka cusa darussan addinan biyu ƙarƙashin inuwa ɗaya a sabuwar manhajar firamare da ƙaramar sakandare, shugabannin Kirista da na Musulmi duka suka yi ca, har gwamnatin tarayya ta ba da umarni a 2017 a mai da kowanne darasi mai zaman kansa. Sashe na 38 kuwa ya hana tilas ne kawai. Bai ce dole hukuma ta ɗauko wa ɗalibai biyar ko goma malamin addininsu ba a makarantar da sauran ɗari biyar ke bin wani addini, ko a Katsina ne ko a Inugu.